Tambaya da Amsa: Shinkafata Tana Caɓewa, Wani Lokacin Kuma Ta Kama

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ni ɗaliba ce a Zariya, kuma wannan ne zangona na farko a ɗakin kwanan ɗalibai. A gida yayata ce mai girki, saboda haka ban taɓa ɗora tukunyar shinkafa ni kaɗai ba sai yanzu. Da ƙaramin murhun gas mai kai ɗaya nake girki. Duk sa'ad da na dafa, ko dai ta caɓe kamar za a tuƙa tuwo, ko kuma ta kama a ƙasa alhali ta saman ba ta nuna ba. Ina ta ƙara ruwa ina juyawa, amma abin sai ƙara lalacewa yake yi. Don Allah a taimaka mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, domin a cikin wasiƙarki kin riga kin faɗi inda matsalar take, wato ƙarin ruwa da yawan juyawa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ruwa yana fara dahuwar shinkafa ne kawai, tiriri ne yake ƙarasa ta, shi kuwa tiriri ba ya zama a tukunyar da ake yawan buɗewa.

Kafin ki kunna wuta, ki fara sanin irin shinkafar da ke hannunki, domin ba ruwa ɗaya suke sha ba. Mafi yawan wadda muke dafawa fara ko dafa-duka turarriya ce, wadda aka jiƙa ta tun tana shanshera, aka turara ta, aka shanya, sannan aka kai ta inji. Haka ake yi wa shinkafar da ke fitowa daga Kura da Argungu da Haɗeja, haka kuma wadda ake kira 'yar gwamnati. Wannan turarawa tana ƙarfafa ƙwayar, shi ya sa za ki gan ta da ɗan ruwan ɗorawa, tana jure wuta, tana kuma fitowa wara-wara. Shinkafar tuwo kuwa ba a turara ta ba, fara ce tas, mai saurin narkewa, kuma duk ƙwarewar mai girki ba za ta ba ta wara-wara irin ta turarriya ba. Ina zargin cewa a wasu lokutan da taki ta caɓe, irin wannan aka auna miki a kasuwa. Idan za ki saya, ki ce wa mai awo ta dafawa kike so, ki kuma tambaye shi ko sabuwa ce, domin shinkafar kaka tana da sauran danshi, ba ta shan ruwa kamar wadda ta kwana biyu a buhu.

Sai wanki. Ki wanke ta sau 2 ko 3, kina murzawa a hankali da tafin hannu, har ruwan ya daina fitowa fari kamar na ƙullu. Wannan farin sitaci ne da ke jikin ƙwayar, kuma shi ne yake haɗe shinkafa ta yi danƙo. Idan ta gida ce mai tsakuwa, sai kin rege ta. Ki zuba ta a ƙwarya ko kwano mai faɗi da ruwa, ki karkata shi kina jujjuyawa, shinkafar tana gangarawa kaɗan-kaɗan cikin wani kwanon, tsakuwar kuwa saboda nauyinta tana komawa ƙasa, har a ƙarshe ki ga ɗan tarin yashi da duwatsu a gindin ƙwaryar. Ki maimaita sau biyu, sannan ki tsane ta a matsami.

Game da awo, kada ki dogara da ido tukuna. Ki sami gwangwanin madara guda ɗaya ki mai da shi ma'auninki. Turarriyar shinkafa gwangwani 1 tana son ruwa gwangwani 2. Basmati, wadda ake kawowa daga Indiya da Pakistan, idan an jiƙa ta minti 20 zuwa 30, gwangwani ɗaya da rabi na ruwa ya ishe ta. Akwai dalilin da ya sa nake cewa wannan awo mafari ne kawai: ruwan da shinkafa take sha da kanta bai wuce kusan yawanta ba, sauran duk fita yake yi ta bakin murfi. Saboda haka tukunya mai sakakken murfi tana cin ruwa fiye da mai rufuwa sosai, kuma ranar da za ki dafa gwangwani 8 don ƙawayenki, ba sai kin zuba ruwa gwangwani 16 cif ba, ki rage kaɗan. Ki zauna a kan tukunya ɗaya da gwangwani ɗaya na mako biyu, za ki gane daidai abin da suke so.

Yanzu ga inda aikin yake. Ki ɗora ruwan da gishiri, da cokali ɗaya na man gyaɗa idan kina so, ki bar shi ya tafasa. Ki zuba shinkafar, ki juya sau ɗaya don kada ta dunƙule, ki ajiye ludayin, domin ya gama aikinsa. Da ta sake tafasowa, ki rage wutar zuwa can ƙasa, inda harshenta shuɗi ya kusa mutuwa amma bai mutu ba, ki rufe tukunyar ruf. Masu koyo da yawa suna zaton wuta mai ƙarfi tana gaggauta dahuwa, alhali ruwa in ya tafasa a maki 100 na ma'aunin zafi ba ya ƙara zafi komai hura wutar da aka yi. Abin da babbar wuta take yi shi ne ta kore ruwan kafin ya ratsa cikin ƙwayar, sai ƙasa ta ƙone, sama ta tsaya da ɗanyen ciki. Ga asarar gas kuma, wanda kin fi ni sanin tsadarsa a aljihun ɗaliba. Juyawa ita ma tana farfasa ƙwayar, sitacin ya fito ya yi kauri, ya kwanta a gindin tukunya ya kama. Muciya ta tuwo ce, ba ta da hurumi a dafaffiyar shinkafa.

Turarriya tana bukatar minti 20 zuwa 25 a kan wannan ƙaramar wuta, basmati kuwa 12 zuwa 15. Ki saurara da kunnenki: da farko za ki ji ɓul-ɓul, daga baya ƙarar ta yi ƙasa, ta koma wani ɗan tsattsagewa siriri, alamar ruwa ya tsotse ke nan. A nan ne za ki buɗe sau ɗaya. Za ki ga ƙananan ramuka a saman shinkafar inda tiriri yake fita. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki murza tsakanin yatsu biyu. Idan ta lanƙwashe ba tare da wani fari mai tauri a tsakiya ba, ki mayar da murfi, ki kashe wuta, ki ƙyale ta minti 10. Wannan minti goman shi ne mutane suka fi rainawa, ni kuwa a wurina shi ne rabin girkin, domin a cikinsa danshin ƙasa yake hawowa sama, ƙwayar ta tsaya da kyau.

Idan kin murza kin ji da saura, ki yayyafa ruwan zafi kamar rubu'in gwangwani, ki rufe minti 5. Ruwan sanyi yana katse dahuwa. Idan kuma ruwa ya yi yawa, ki tsiyaye shi, ki mayar kan ƙaramar wuta a buɗe. Idan kin ji ƙauri, ki sauke nan take, ki kwashe ta sama zuwa wani mazubi ba tare da kin kankaro ƙanzon ba.

Akwai wani abu game da murhunki. Ƙananan murahun gas suna tara wuta a wuri ɗaya a tsakiyar tukunya, kuma idan tukunyar sirirar gwangwani ce dole ta kama. Ki nemi tukunyar dalma mai kaurin gindi, ko ki ɗora tsohon kaskon suya a kan wutar, ki aza tukunyar a kansa. Ina kuma roƙonki kada ki rufa leda a kan shinkafa don ta turaru, ko da kin ga ana yi. Murfi mai kyau ya wadatar, in sakakke ne ki ɗora masa wani abu mai nauyi.

Za ki ga wasu suna tafasa shinkafa, su zubar da ruwan, su wanke, su sake mayarwa. Hanya ce mai sauƙi, tana kuma ba da wara-wara, amma tana da hasara: turarawar da aka yi wa shanshera tana tura sinadaran bitamin B cikin ƙwayar, ruwan da aka zubar kuwa yana tafiya da wani kaso nasu. Na fi son ki wanke ta sosai tana ɗanya, ki dafa ta dahuwa ɗaya.

Tambaya: Ni gwauro ne mai bautar ƙasa a Kano, ba ni da firji. Shin zan iya dafa shinkafa da dare in yi ɗumame da safe?

Amsa: Ɗan'uwana, ban ba ka wannan shawara ba, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda take zuwa tare da ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta, kuma idan abincin ya daɗe a ɗumi tana yaɗuwa ta fitar da gubar da ɗumame ba ya karyawa. Ita ce take sa amai sa'o'i kaɗan bayan cin abinci, kuma shinkafar tana iya zama ba ta canza wari ba. Kada dafaffiyar shinkafa ta wuce awa 2 a ajiye a waje, ita ma kula ba ta riƙe isasshen zafi har wayewar gari. Ka auna gwangwani ɗaya ko ɗaya da rabi, daidai cin mutum guda, ka dafa ka cinye a zama ɗaya. Idan ka samu firji daga baya, ka baza ragowar a faranti ta huce da wuri, ka saka ta, ka ci cikin kwana ɗaya, ka kuma ɗumama ta sau ɗaya tak har sai tiriri ya tashi daga tsakiyarta.