Amsa ga mai tambaya kan hada sirinji tsakanin masu dauke da HIV

Dan uwa da ka turo cewa kai da abokinka duk an gwada ku kuna da HIV, wai in kun hada sirinji daya wajen yin penta, wato allurar pentazocine da ake yi don maye, ba matsala tunda abu daya ne a jininku. Wlh ba lallai abu daya bane. Na dade ina aikin ba da shawara a sashen masu karbar magani a nan Kano, maganar nan na sha jinta, har daga bakin ma'aurata.

Kwayar nan iri iri ce. Akwai HIV-1 akwai HIV-2, ita HIV-1 din ma ta rarrabu, A, B, C, G da sauransu, a Amurka B ta fi yawa, Afirka ta Kudu da Indiya C, mu nan Najeriya G da wata CRF02_AG da aka fara ganowa a Ibadan, wadda ita kanta hadin A da G ce. Mutum yana da iri daya wani irin zai iya shigarsa a kai, in suka hadu cikin kwayar halitta daya to wajen hayayyafa sai a yanko nan a yanko can kamar tela ya hada yadi biyu a riga daya, sabon iri ya fito. Kuma allura tana saurin kawo wannan don jini ne kai tsaye cikin jijiya. A Kaliningrad ta Rasha haka A da B suka hade a tsakanin masu allurar kwaya, a kasar Sin ma B da C, ta hanyar da hiroyin ke bi daga kasar Bama (Myanmar) zuwa lardin Yunnan.

Abin da ya fi damuna ni shi ne magani. In abokin naka yana sha yana tsallakewa, kwayarsa tana iya daina jin magani, ya dura maka ita, kai da kake shan naka kullum sai a ga yawan kwayar a jininka ya haura a rasa dalili. Ga ciwon hanta B da C, su ma sirinji suke bi, kuma C din maganin HIV baya taba shi.

Ban ce barin penta abu ne na dare daya ba, amma dan Allah kowa da nasa sirinjin sabo, har ruwan wankewa kar ku hada. Ka je asibitin Malam Aminu Kano ko Murtala, ka fada wa likita gaskiya cewa kana allura, a duba yawan kwayar a jininka a hada da gwajin hanta. Maganin HIV din kyauta ne. Ka ja abokin naka ku tafi tare.