Ba'u da asisi: miji da mata ne?

Tambaya: Ƙananan tsuntsaye biyu na sauka tare suna tsintar tsaba, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. An ce mini jan ne namiji, shuɗin kuma matarsa. Haka ne?

Amsa: A'a, Malama, kowanne irin tsuntsu ne daban, dangi dai suka haɗa. Jan shi ne ba'u, wanda masana ke kira Lagonosticta senegala, shuɗin kuma asisi, wato Uraeginthus bengalus. Abinci ne ke tara su: 'ya'yan ciyawa da ɓarɓashin hatsi a ƙasa, sai gara idan suna da 'ya'ya a sheƙa.

Ki fara duba jela. Ba'u guntu ne, kimanin santimita 10, asisi kuwa yakan kai 13 saboda doguwar jelarsa. Namijin ba'u ja ne daga kai har ƙirji, da siririn zobe rawaya kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a gefen ƙirji. Matarsa ce ke ruɗa mutane, don ruwan ƙasa ce, ja kaɗan ne a gaban idonta da gindin jela. A asisi miji da mata duk suna da shuɗi a fuska da ƙirji, amma namiji kaɗai ke da jan tabo a kunci.

Wurin sheƙa ma daban. Ba'u ba ya gudun mutane, yakan cusa tasa a jinka ko ramin bango. Asisi ya fi son itace mai ƙaya, sau da yawa dab da gidan rina, inda mai son ƙwai zai yi tunani kafin ya matso. Dukansu farin ƙwai suke yi, kuma namiji kan ɗauki zaren ciyawa ko gashi a baki yana tsalle-tsalle gaban mace idan yana nema.

Akwai wani tsuntsu ɗan alhaki, Vidua chalybeata, wanda macensa ke saka ƙwai a sheƙar ba'u. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yana da zanen cikin baki irin na 'ya'yan ba'u, shi ya sa ake ciyar da shi ba a gane ba.

Mai kiwonsu a keji ya sani tsaba kaɗai ba ta rainon 'ya'ya. In babu ƙananan ƙwari masu rai, iyayen kan watsar da su daga sheƙa.