Amsa ga Hajiya kan tsayawar jirgin ruwa a Marsey

Salamu alaikum Hajiya. Na ga tambayarki: ke da maigida za ku bi jirgin ruwan yawon buɗe ido daga Basalona, zai yada zango a Marsey, a kudancin Faransa, daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, kina son sanin ko ku biya rangadin da jirgin ke shiryawa ko ku fita da kanku. Ni ma daga nan Yamai na je, ni da iyali, kuma da ƙafarmu muka zaga garin.

Awa taran nan da kika gani a takarda, ba tara ba ce. Manyan jiragen ba sa shiga tsakiyar gari, can arewa suke tsayawa, wajen kilomita 8 daga tsohuwar tashar da ake kira Vieux-Port. Ga layin sauka, ga jiran mota, sannan ana son kowa ya dawo aƙalla rabin awa kafin tashi. In kin cire wannan, abin da ya rage bai fi awa shida ba. Rangadinsu akwai tsada, amma in motarsu ta makara jirgi zai jira ta, ku kuwa ba zai jira ku ba. Duk da haka tunda kuna jin Faransanci, ni ban ga dalilin biya ba. Ki riƙa lissafi dai: yuro ɗaya sefa 656 ne, yuro goma jika shida da rabi ke nan.

Ku fara da Vieux-Port da safe, lokacin da masunta ke baje kifi a bakin ruwa, wani ma yana motsi a cikin tire. Daga nan ku hau bas mai lamba 60 zuwa Notre-Dame de la Garde, cocin da ke kan dutse. Kada ku ce za ku hau da ƙafa, gwiwa za ta gaya muku. Ba ibada ta kai mu ba, kallo ne: gari duka a ƙarƙashinki, teku har iya ganinki, ga jirginku can nesa kamar akwatin ashana. A jikin bango har yanzu akwai tabon harsasai na watan Agustan 1944, lokacin da sojoji 'yan Aljeriya na rundunar Faransa suka ƙwato dutsen daga hannun Jamusawa. Ki ɗaura gyale da kyau, iskar mistral a saman nan ta fi hunturun Tawa rashin kunya.

Abincin rana ku gangara Noailles, kusa da babban titin Canebière. Nan ne na ji kamar na shiga kasuwar Katako ta Yamai: 'yan Aljeriya, 'yan Komoro, 'yan Senegal, ƙamshin yaji da na'a-na'a, mahauta na halal jere. Mun ci kuskus da naman rago har muka bar saura. Wani mai shago ya nuna mana ƙaramin masallaci a lungu, muka yi ƙasaru. Tsaraba kuma sabulun Marsey, ki duba wanda aka buga wa 72% a jiki, wato yawan man da aka yi shi da shi. Jaka a gaba, akwai masu saurin hannu.

Gidan tarihin Mucem, wanda aka buɗe a 2013, ba ya buɗewa ran Talata. Tsibirin If kuwa ku haƙura da shi, in iska ta taso kwale-kwalen ba ya zuwa.

Sai batun agogo, wanda ya kusa sa mu kwana a titi. Lokacin zafinsu Faransa na gaban Nijar da awa guda. Salulata ta mutu, na koma duba tsohon agogon da ke cikin jakar uwargida, ashe yana kan lokacin Yamai. Muna zaune muna shan shayi, ni ina ganin uku da 'yan mintoci, sai ta ɗaga kai ta ga agogon wani kantin magani ya wuce huɗu. Muka tare taksi, ban ko tambayi kuɗi ba. Mun iso ana shirin janye gadar shiga, fasinjoji na leƙo mu daga sama suna tafi, ita kuma riƙe da ledar sabulu tana haki. Har muka kai Jenowa ta Italiya ba ta yi mini magana ba.