Motar gidana tana warin danshi: in gyara, ko in nemi ta wani kamfani?

Tambaya:

Malam, shekara 4 ke nan da na sayi motar gida ta hannu, wato motar da aka gina wa ɗakin zama da kwana a jikinta, ƙirar 2014, irin mai gado a saman wurin direba. Inji lafiya ƙalau yake. To amma bana, duk lokacin da aka yi ruwa sai in ji warin danshi a gadon sama, kuma bangon waje kusa da taga ya ɗan kumbura. Abokina ya ce laifin kamfanin ne, in sayar in sayi ta kamfani mai suna. Shin da gaske wasu sun fi wasu ingancin gini? Kuma me ya kamata in riƙa dubawa?

Amsa:

Ɗan'uwa, kafin maganar sayarwa, samu tsani ka leƙa rufin motar nan yau, ko kuma ka lulluɓe shi da tamfol har ka samu sarari. Abin da ka bayyana yoyo ne, kuma ya daɗe. Ruwa yakan yi watanni yana ɓarna a cikin bango kafin hanci ya ji labari.

Motar gida abu biyu ne aka ɗora a kan juna. Na ƙasa, wato shasi da inji da giya da birki, kamfanin motoci ne ya ƙera shi: Ford ko Mercedes ko Freightliner a Amurka, a Turai kuwa galibi Fiat Ducato. Na sama, wato ɗakin, wani kamfani ne daban ya gina, kuma yawancin aikin da hannu ake yin sa. Shi ya sa injinka yake lafiya alhali ɗakinka yana ciwo. Ka ɗauki gida guda, da kabad da famfo da tagogi, ka riƙa girgiza shi a kan titi shekara da shekaru. Dole mahaɗai su saki.

Bangon irin motarka an manne shi ne hawa-hawa: faiba (allon roba mai zaren gilashi) a waje, siririn katakon filawud a bayanta, soso mai tauri a tsakiya, sai allon ciki. Idan ruwa ya shiga, filawud ɗin ya jiƙe, gam ya saki, faibar ta rabu da abin da ke riƙe ta. Kumburin da ka gani ke nan. Danna shi da tafin hannu. In ya lotsa ya dawo kamar gwangwani, ya rabu. Gadon saman direba kuwa shi ne wurin da wannan ƙirar ta fi ba da matsala, domin shi yake fuskantar iska da ruwa a guje, ga fitilun gefe a jikinsa, wasu har da taga a gaba, kuma kowace ɓula ƙofa ce.

Ka samu na'urar auna danshi, ko ka kai wa mai ita. A Ingila ana yin irin wannan awon sau ɗaya a shekara, kuma ma'aunin da masu aikin suke bi shi ne: ƙasa da kashi 15 cikin 100 babu damuwa, sama da 20 a nemo inda ruwa ke shiga, ya haura 30 kuwa katako ya fara lalacewa. Auna kusurwoyi, ƙarƙashin tagogi, da cikin kabad na sama. In ɓarnar ta tsaya a gadon da gefen taga ɗaya, gyara ya fi. In ta sauko har daɓen ƙasa ya yi laushi idan ka taka, a nan ne kuɗin gyara ke iya fin darajar motar.

Sai maganar abokinka. Yana da gaskiya rabi. Akwai bambancin inganci, amma sunan da ke jikin mota ba ya faɗa maka komai sosai. Yawancin motocin gida na Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su, kuma sunaye da yawa mallakar kamfanoni kaɗan ne. Thor Industries ke da Airstream tun 1980, ta sayi Jayco a 2016, ta sayi rukunin Hymer na Jamus a 2019. Winnebago ta sayi Newmar a 2019. Forest River tana hannun Berkshire Hathaway tun 2005. Firij da na'urar sanyaya ɗaki da tagogi da famfon ruwa kuwa, kusan kowa wajen masu kaya ɗaya yake saya. Kamfani guda yana da mai araha yana da mai tsada, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa.

Ni idan an ce in kwatanta motoci biyu, ba na kallon kujerun fata da fitilu masu launi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Nakan fara tambayar me ke bayan faibar bango. In filawud ne, ka riga ka san halinsa. Wasu suna sa allon roba da ake kira Azdel, wanda ba ya ruɓewa ko ya jiƙe, kuma wasu masu ƙera na Turai sun daina sa katako a bango gaba ɗaya. Sai rufi: na faiba guda ɗaya wanda ya lanƙwaso kan bango ya fi shimfiɗar roba jure rana da rassan itace, ko da yake roba ma tana daɗewa in ana kula da ita. Daga nan in zare aljihun kabad in haska tocila. Da noti aka ɗaure ko da fil? Wayoyi a ɗaure suke ko a warwatse? Ƙurar katako tana nan tun daga masana'anta? Wanda ya gyara inda ba a gani, ya gyara sauran. Na ƙarshe, takardar nauyi da ke jikin ƙofa. Wata motar kyakkyawa ce amma kayan da aka yarda ta ɗauka kaɗan ne, kuma ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 150 ya cinye nauyin manya biyu tun ba ka sa tukunya ba.

Duk da haka, na sha ganin mai araha da ta shekara 15 a bushe saboda mai ita yana hawa rufi, na kuma ga mai tsada da ta ruɓe a shekara 6. Gam ɗin da ke zagaye da murfin iska da eriya da mahaɗar gaba yana tsagewa a rana ko wane ne ya shafa shi. Duba shi duk wata 3. Inda ya tsage, goge, ka sa irin wanda aka yi don rufinka. Kada ka sa silikon na banɗaki: ba ya kama roba da kyau, kuma bayan ya saki babu abin da zai sake mannewa a wurin sai an kankare shi tas.

Sauran kulawar gajeriya ce. Tayar motar gida tsufa ke kashe ta, ba suɗewa ba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar suna nuna mako da shekara, misali 2318 mako na 23 ne na 2018. Daga shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, kada ta wuce 10. Janareta ka kunna shi kamar awa 2 kowane wata yana ba kayan lantarki wuta. Batir mai ruwa kada ya sauka ƙasa da rabi. Firij mai aiki da gas yana son motar ta tsaya daidai, in ta karkata yana lalacewa. Na'urar jin yoyon gas da ta hayaƙi mai guba suna da ranar ƙarewa a bayansu.

In awon ya nuna gyara za ka yi, a toshe inda ruwa ke shiga tukuna, a buɗe allon ciki na gadon, a bar shi ya bushe sarai, sannan a canza katakon da ya ruɓe. Fitilun gefe biyar ɗin nan na gaba, a ciro su ɗaya bayan ɗaya a sake zaunar da su da sabon gam.