Amsata ga Hajiya kan littafin Tomi Adeyemi

Salamu alaikum jama'a. Hajiya, sai yanzu na saurari saƙonki, ɗazu ina cikin a-daidaita. Kin ce ko ya dace ki saya wa 'yarki Children of Blood and Bone, tunda kin ga ana ta cece-kuce a kansa. To ni na san abin da ke ranki, maganar Malam ce ta shekaranjiya, da ya ce littafin tsafi ne. Ko ba haka ba?

E, abubuwan bautar Yarabawa suna ciki, su Oya, Sango, Yemoja, ba a ɓoye ba, ƙasar ma sunanta Orisha. Yarinyar, Zelie, jinsinsu masu farin gashi ne, sarki ya karkashe masu sihirinsu har da uwarta, ita kuma ta tashi sai ta dawo da sihirin. Amma Malam, da girman kujerarka, mu da aka karantar da mu Ruwan Bagaja a aji? Aljanu nawa ne a ciki? Tun 1934 ake karanta shi, ban taɓa jin wanda ya bar salla saboda shi ba. Inda zan ce ki duba, Hajiya, zubar da jini da azabtarwa sun yi yawa. In 'yarki ba ta shiga babbar sakandare ba, ki ɗan dakata.

Ni abin da ya tsaya mini a maƙogwaro daban ne. Ilorin! Baiwar Allahn nan, marubuciyar, ta ɗauki Ilorin ta dasa a bakin teku, wai ƙauyen masunta, gidaje a kan ruwa. Jama'a, a Kwara na yi bautar ƙasa, shekara guda cur. Ruwan da na sani kogin Asa ne, sai dutsen Sobi da kake hangowa. Garin sarauta, garin malamai, jikokin Shehu Alimi, a wayi gari suna jefa koma a teku? Na ji ƙanina ya ce ai ƙirƙira ce. Na yarda, zakin nan mai ƙaho da suke hawa kamar doki bai dame ni ba ko kaɗan. Amma tunda ƙirƙira ce, a ƙirƙiro sunan ma. Legas, Ibadan, Sakkwato, Gombe, duk ta kwaso ta watsa yadda ta ga dama. Ka ce da Bakano Dala tsibiri ne ka ga ko zai ƙarasa shafin.

Kodayake, ba mu ta rubuta wa ba. A Amurka aka haife ta, hotunan orishan ma, wato abubuwan bautar Yarabawan nan, a Salvador ta ƙasar Brazil ta gamu da su, kuma da kanta ta ce kisan da 'yan sanda ke wa baƙar fata a can ne ya tunzura ta. Shi ya sa yaran can suke karantawa suna hawaye, mu nan muna lissafin taswira. Ya fito a 2019... a'a, afuwan, 2018, na biyun ne 2019.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma namu ne. Muna da Jangare, birnin iskoki sukutum, da Sarkin Rafi, da Ɗan Galadima ɗan gayu mai caca, da Inna, da Kure, kowa da halinsa da kiɗansa. Amma ka ɗauko littafin yaƙi, kullum birnin Misra, birnin Sin. Na taɓa faɗin haka a wani taron marubuta, wani ya zabura yana a'uzubillahi, wai ina so a raya bori. Mutumin nan, littafinsa boka ne ke kiran aljani tun shafin farko! Aljanin Misra halal, na Jangare haram? Har yau in muka haɗu... a bar wannan dai.

Hajiya kada ki saya, direba zai kawo miki nawa gobe, ki fara karantawa da kanki. Amma a dawo mini da shi, don na biyun da wata a gidan nan ta ara tun kafin azumi, ta san kanta.