Me ya sa masaƙun Kaduna suka taru a Kakuri?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa manyan masaƙun Kaduna suka taru a Kakuri maimakon cikin gari. Amsar ita ce jirgin ƙasa da kuma wadatar ruwa. Babbar mahaɗar jirgi tana nan kusa da unguwar Kakuri, kudancin kogi, inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da na Fatakwal, don haka audugar Funtuwa da Zariya da Gusau har bakin ƙofa take sauka. Ga kuma kogin Kaduna a kusa, kuma rini da wankin yadi ruwa suke ci ba kaɗan ba. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ce ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Masaƙun Arewa Textiles da UNTL (United Nigerian Textiles Limited) daga baya suka biyo sahu.

Sai dai in tarihin unguwar kake nema, kada ka tsaya ga ganin gine-gine, don tun da aka rufe KTL a 2002 abin da ya rage a cikinta sai bango da tsatsa. Nemi tsofaffin ma'aikata. Wani dattijo da na zauna da shi a can ya nuna min inda masu abinci ke jera tukwane a bakin get, ya ce da jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, kekuna kan cika titi har mota ta rasa hanya. Irin su kullum raguwa suke yi, wallahi abin yana damuna, don haka ka hanzarta, ka tafi da abin naɗar murya.