Shin Sai Na Ƙware a Lissafi Kafin In Koyi Rubuta Manhaja?

Kin tambaya ko raunin da kike da shi a lissafi zai hana ki shiga ajin koyon rubuta manhajar kwamfuta na manyan ɗaliban sakandare, wanda ake koyarwa da Java, wato ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja. A ganina ba zai hana ki ba matuƙar kin fahimci aljabara ta farko, domin abin da darasin ya fi buƙata shi ne iya rarraba matsala zuwa ƙananan matakai masu bin juna.

Inda sababbin ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne ƙananan ƙa'idoji. A Java ana fara ƙidayar gurabe a jeri daga 0, saboda haka jeri mai abubuwa 5 yana ƙarewa a gurbi mai lamba 4, kuma idan kika nemi gurbi mai lamba 5, manhajar za ta tsaya cak ta fitar da saƙon kuskure. Haka nan idan kika raba 7 gida 2 da cikakkun lambobi, amsar da za ki samu 3 ce, ba 3.5 ba.

Ina ba ki shawara ki riƙa bin umarnin da kika rubuta layi bayan layi a takarda, kina hasashen sakamakonsa, kafin ki gwada shi a kwamfuta.